Dorinar Malam Ilyasu da Sikelin Gado

Akwai wani ɗan kasuwa a Garwa, sunansa Malam Ilyasu, mai sayen gyaɗa da riɗi a gefen babbar kasuwa. Kakansa ne ya zo daga Kano da fatauci, ya ga ruwan Binuwai ya yi zamansa. Shagon da kakan ya kafa shi ne ya faɗo hannun mahaifin Ilyasu, daga nan ya faɗo nasa, da benci ɗaya, da buhuna, da wani tsohon sikelin teburi mai faranti da allura.

Ku riƙe sikelin nan a ranku, jama'a, za mu dawo kansa.

Lokacin da abin nan ya faru, Malam Ilyasu ya ba shekara hamsin baya, kuma ya gaji. Gajiyar zama ce, wadda ta fi ta aiki cin rai. Tun da tashin hankali ya kama yankin iyaka, motocin da ke kwasar kayansa zuwa Najeriya suka ja baya, na mako-mako suka koma na wata-wata. Sai ya buɗe shago da safe, ya share, ya zauna yana korar ƙuda har la'asar. Zafin Garwa kuwa kun san shi, ba ya tausayin mai ciniki, balle wanda babu.

A cikin wannan zaman ne maƙwabcin shagonsa, Gaston mai gyaran rediyo da talabijin, ya miƙo masa waya wata rana.

"Grand, duba abin da mutane ke yi da lokacinsu." Haka yake kiransa, wato babban yaya.

Bidiyo ne. Wasu 'yan na'urori biyu, kowacce ba ta fi kwanon tuwo girma ba, suna gudu a kan tayoyi cikin wani akwati mai bangon roba, suna dukan juna har tartsatsi na tashi. Masu su na tsaye a waje, kowa da rimot a hannu.

Gaston ya ce robo ake ce musu, kuma haɗa su faɗa ake yi kamar raguna. Ya ce wani malamin makarantar koyon sana'a a nan Garwa, Monsieur Jules, ya sa gasa nan da wata shida, ɗalibi ko dattijo kowa na iya shiga. Sharaɗi ɗaya ne ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kansa: robo kada ya wuce kilo ɗaya da rabi. In ya wuce ko da nauyin ƙwayar gyaɗa ne, ba zai shiga akwatin ba.

Malam Ilyasu ya kalli bidiyon sau uku. Yana yaro babu wanda ya kai shi iya ƙera motar waya a unguwarsu, har ya so ya karanci kanikanci, mahaifinsa ya ce shago na jiransa. Yanzu ga abin da ya binne shekara arba'in yana motsi a ƙirjinsa.

"Wannan ai zan iya," ya ce.

"Na san za ka iya, shi ya sa na nuna maka. Na gaji da ganinka kana gyangyaɗi."

Haka aka fara. Kuma duk wanda ya ce muku farawa da daɗi, bai taɓa farawa ba.

Injin farko da suka ciro daga wata matacciyar na'urar huda katako ya ƙone a kwana na biyu, shagon ya cika da warin roba. Da suka samo wani, Malam Ilyasu ya haɗa wayoyin a juye, in ya danna dama sai abin ya yi hagu, har ya shige ƙarƙashin buhun riɗi ya maƙale. Batiri ɗaya ya kumbura saboda zafi, Gaston ya ɗauke shi da filaya ya kai waje, ya ce daga yau a riƙa ajiye su cikin busasshen tulu a inuwa. Ga wuta da za ta ɗauke daidai lokacin da ƙarfen narka dalma ya yi zafi.

A gida kuwa, matarsa Hindu ta nemi farantin robar da take yanka nama a kai ta rasa.

"Malam, ko ka ga faranti na yanka?"

"Yana shago. Ƙasan robo zan yi da shi."

"To Allah ya ba robo lafiya. In ya gama da faranti, ka ce masa akwai ludayi."

Tana tsokanarsa ne, amma a ranta murna take yi. Mutumin da ya daɗe yana tsakurar abinci ya dawo yana cinye kwanonsa, yana kuma ba ta labarin taya da giya kamar ta tambaye shi. Ta san wannan ɗan abin shi ne ke tashinsa da safe, kuma ta ji tsoron ranar da zai rasa shi.

Sai dai Malam Ilyasu yana da hali. In ya fara iya abu, sai ya daina jin magana.

Gaston ya ce a yi jikin robon duka da roba mai kauri, ta fi sauƙi. Malam Ilyasu ya ce shi ba zai shiga fili da kayan kicin ba, ya kai wa masu zuba tukunya suka zuba masa murfin alminiyom. Ya samo faifan birkin babur, ya sa aka yanke masa shi, aka fitar masa da haƙora biyu, ya ɗaura a gaba yana juyawa da ƙugi. Ya raɗa wa abin suna Dorina. Ni dai da na ji sunan na ce, wanda zai shiga gasar marasa nauyi ya rasa dabbar da zai yi wa takwara sai dorinar ruwa.

"Grand," in ji Gaston, "a wannan wasa ko kusa ɗaya za ka ɗaura, sai ka auna ta tukuna. Mu kai shi kantin magani, suna da sikeli mai lamba, ba ya kuskure."

Malam Ilyasu ya ɗaure fuska.

"Ni za a kai wa sikelin aro? Gaston, awo sana'ata ce. Wannan sikelin yana aiki tun ba a haife ka ba."

Ya ɗora Dorina a kan farantin. Allura ta yi rawa, ta tsaya dab da layin kilo ɗaya da rabi, saura ɗan ƙiris ta taɓa shi.

"Ka gani? Har da sauran wuri."

Gaston ya ɗaga kafaɗa ya koma kan rediyonsa. Shi bai san komai game da sikelin ba, kuma ba ya son musu da wanda ya girme shi.

To, ga labarin sikelin.

Tun Ilyasu yana ɗan shekara goma sha biyar, mahaifinsa ya buɗe bayan sikelin ya nuna masa. An canza sifirin na ciki da wani mai tauri. Duk kilo goma da manomi ya ɗora, tara allura za ta nuna. Mahaifin ya ce wannan ba cuta ba ce, rabon ƙasa ne, domin gyaɗar ƙauye ba ta rasa yashi da tsakuwa, kuma duk masu saye a layin haka suke yi. Yaron ya ji, ya gyaɗa kai.

Shekara ta bi shekara. Mahaifin ya rasu. Ilyasu bai taɓa sake buɗe bayan sikelin ba, bai kuma taɓa zama ya ce yau zan cuci wani ba. Kullum dai yana kallon allura yana faɗin abin da ta nuna, har abin da ta nuna ya zame masa gaskiya. In kun ce ya manta, ba ku yi ƙarya ba. Irin mantuwar nan ce da mutum ke yi wa abin da tuna shi ba zai yi masa daɗi ba.

Saura sati biyu gasa, ranar wata Litinin, Georgette ta iso shagon. Manomiya ce daga kan duwatsun bayan garin Pitowa, mace mai shekaru, siririya, hannuwanta duk kanta. Shekara goma sha tara tana kawo wa shagon gyaɗa, ta shigo motar haya da ɗan buhunta, ta sayar, ta sayi gishiri da sabulu ta koma. Gyaɗarta kuwa a tsince take tas, ko tsakuwa ɗaya ba ka samu.

Ta tarar da 'yan zaman benci uku sun kewaye Dorina, Malam Ilyasu yana musu bayani.

"Jam na, patron?" ta gaishe shi, wato lafiya, maigida.

"Jam, Madam Georgette. Zo ki ga abin da ba a gani a kan dutse."

Ta ajiye buhunta, ta sa hannu biyu ta ɗaga robon don ta duba ƙasansa. Malam Ilyasu yana ta zuba, yana cewa duk ƙarfen nan da take gani bai kai kilo ɗaya da rabi ba, aikin lissafi ne.

Georgette ta ɗan jijjiga shi a hannunta, kamar yadda take yi wa ƙullin gyaɗa.

"Patron, wannan ya wuce kilo da rabi."

"Me kika ce?"

"Ya wuce. Ba da yawa ba, amma ya wuce. Kamar cikin tafi biyu na gyaɗa."

'Yan benci suka kwashe da dariya. Malam Ilyasu ma ya yi, har da tafa hannu.

"Ikon Allah. Madam Georgette, daga fartanya sai injiniya? To bari na nuna miki, tunda hannunki ya fi ƙarfe sani."

Ya karɓi Dorina ya ɗora a faranti, ya juyo mata da fuskar sikelin. Allura ta tsaya inda ta saba.

"Karanta. Ko ba a koya muku lamba ba?"

Ta kalli allurar. Ta ɗago ta kalle shi, kallon da bai gane ba a lokacin.

"To, patron. Sikelinka ne."

Ya sauke robon, ta kwance buhunta, ta riƙa zuba gyaɗarta a kan wannan farantin dai, yana faɗin abin da allura ta nuna, tana cewa to.

Ranar gasa Asabar ce, da hantsi. Malam Ilyasu ya sa sabuwar shadda, ya naɗe Dorina a tawul, Gaston ya goya shi a babur. 'Yan benci sun riga su isa, har da wasu 'yan layin kasuwa da ya gayyata da bakinsa. Hindu ta raka shi bakin ƙofa ta ce Allah ya ba da sa'a, ita ba za ta iya kallo ba.

An kafa akwatin a tsakar makarantar, ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya. Masu shiga goma sha huɗu ne, yawancinsu ɗalibai, sai wani direba da wata ma'aikaciyar jinya. Kafin komai sai awo. Monsieur Jules na zaune a teburi da ɗan sikeli mai lamba, kowa ya kawo nasa a ɗora, a liƙa masa takarda.

Da layi ya zo kansa, Malam Ilyasu ya warware tawul a hankali don mutane su gani. Aka yi ta kai, kai. Monsieur Jules ya ɗora Dorina, lambobi suka yi gudu suka tsaya.

Kilo ɗaya da giram ɗari shida da hamsin.

"Monsieur, ya wuce da ɗari da hamsin," in ji malamin. "Yi haƙuri, règlement ne, dokar gasa ce."

"Sikelinku ya lalace."

"Yau da safe na gwada shi."

"Na ce ya lalace. Ni ɗan kasuwa ne, awo na gada. Wannan abin wasan yara ne zai ƙaryata ni?"

Muryarsa ta tashi har waɗanda ke nesa suka matso. Monsieur Jules bai yi fushi ba. Ya buɗe jakarsa ya ciro wani dunƙulen tagulla na ɗakin gwajin makaranta, an rubuta kilo ɗaya a jikinsa, ya ɗora. Sikelin ya nuna dubu ɗaya cif.

"Amma nawa sikelin," in ji Malam Ilyasu, "shekara talatin da biyar ina auna…"

Bai ƙarasa ba. A tsakiyar maganar ya ga bayan sikelin a buɗe, ya ga yatsan mahaifinsa a kan sifirin. Ya tsaya baki buɗe, mutanen layinsu na kallonsa, wasunsu kuma suka sunkuyar da kai, don su ma sun san irin sikelin da ke shagunansu.

"Akwai awa ɗaya kafin a fara," in ji Monsieur Jules. "In kun rage nauyin, ku dawo."

Gaston ya ja shi gindin bishiya, ya baje kayan aiki. Bai ce ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya. Suka cire kusoshi huɗu, bai isa ba. Suka huhhuda murfin alminiyom ɗin, bai isa ba. Abu ɗaya ne ya rage mai nauyin da ake nema.

"Grand, sai dai faifan."

"Cire shi," in ji Malam Ilyasu, ba tare da ya duba ba.

Haka Dorina ta shiga akwati babu haƙori. Aka haɗa ta da robon ma'aikaciyar jinyar nan, wani ɗan abu mai kama da cebur, wanda aka yi da farantin yanka nama tun daga sama har ƙasa. Ya shiga ƙarƙashin Dorina, ya ɗaga ta, ya kifar. Tayoyinta suka yi ta juyawa a sama har aka ƙirga goma. Wata shida na aiki, ko minti ɗaya ba a yi ba.

Mutane suka tafa masa saboda shekarunsa. Shi bai ma ji ba.

Bai wuce gida ba, ya ce Gaston ya sauke shi a shago. Ya sayi kwalin sukari a kantin kusa, wanda ba a buɗe ba, mai kilo ɗaya a rubuce, ya ɗora a farantin gado. Allura ta tsaya a ɗari tara. Ya sauke, ya sake ɗorawa, kamar zai samu wata amsa. Sannan ya zauna a benci.

Kunyar filin gasa ta yi masa ciwo, amma ba ita ta hana shi cin abinci ranar ba. Fuskar Georgette ce, da yadda ta ce sikelinka ne.

Ranar Litinin ta dawo da buhunta kamar kullum. Ta tarar babu 'yan benci, ya sallame su. A kan teburi akwai sabon sikeli mai lamba, tsohon kuma yana ƙasa, an buɗe bayansa.

"Jam na, patron? Yaya wasan?"

"An kayar da ni. Zauna, Madam Georgette."

Ta zauna a bakin benci, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Gaskiyarki ce, ya wuce. Da ɗari da hamsin." Ya nuna tsohon sikelin da ƙafa. "Kin san wannan yana ci?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun zuwana na farko, lokacin babanka. Ni nake nomawa, ni nake ɗaukowa a kaina daga dutse zuwa titi. Yaya ba zan san nauyin kayana ba?"

"To me ya sa kike dawowa?"

"Ina zan je? Duk layin haka ne. Kai ko ba komai kana ba mutum ruwa ya sha."

Malam Ilyasu ya ji maganar ruwan nan ta fi zagi zafi.

"Shekara goma sha tara. Me ya hana ki faɗa mini ko sau ɗaya?"

Georgette ta gyara ɗaurin kallabinta. Babu fushi a muryarta, gajiya ce kawai.

"Na faɗa maka, patron. Sati biyu da suka wuce, a kan abin wasanka, inda ba ni da riba ba ni da asara. Ka tara mutane kuka yi mini dariya. To da a kan gyaɗata na faɗa, me za ka yi mini?"

Idanunsa suka kawo ruwa, ya juya yana gyara bakin wani buhu da babu abin da ya same shi. Da ya iya magana, ya ce ta yafe masa, ita da duk waɗanda suka zuba kaya a farantin nan, ya ce bai san ta inda zai fara mayar da abin da ya ci ba, amma zai fara, kuma daga kanta.

"Allah ya yafe mana duka," ta ce. "Auna mini, motar Pitowa ba ta jira."

Ta zuba gyaɗarta a sabon sikelin. Kafin lambobin su tsaya ta faɗi nauyin, suka tsaya a kan abin da ta faɗa.

Malam Ilyasu ya mayar wa Dorina faifanta da kusoshinta, ya ajiye ta a kan teburin shago, bai sake kai ta faɗa ba. Ya fara haɗa wani sabo, na roba, kuma kowace kusa sai ya auna ta kafin ya ɗaura. Wasu 'yan layin sun daina gaishe shi, suna cewa ya ɓata musu kasuwa. Ciniki bai ƙaru ba, iyaka ba ta buɗe don shi ba, zafin Garwa ma yana nan. Amma duk manomin da ya tambayi mene ne wannan ƙarfen a kan teburi, sai ya ba shi labarin tun daga farko, ba ya tsallake inda aka yi dariya.

Darasi: Ma'aunin da ka karkatar don ka tauye wani, wata rana kai za ka hau shi, kuma ƙaryar da ya saba yi wa mutane ita zai yi maka. Kada ka raina mai faɗa maka gaskiya don ka ga hannunsa da kanta, shirun da talaka ke yi ba rashin sani ba ne. Kowa ya koma ya buɗe bayan nasa sikelin, na shago ne ko na zuciya. In labarin nan ya taɓa ka, tura wa wani, musamman ɗan'uwanka da ke zaune a bayan ma'auni.